Sharhi kan Buildroot wajen rage girman initramfs

Idan ƙaramar na'ura mai aiki da Linux ta ƙi tashi, sau da yawa laifin initramfs ne da ya yi girma fiye da kima, wato matsattsen ƙunshin fayilolin da Linux ke fara aiki da su lokacin tashi. Kernel, wato zuciyar Linux, yana warware wannan ƙunshi ne cikin RAM, kuma idan tmpfs (tsarin ajiye fayiloli a cikin RAM) ne ke riƙe da shi, rabin RAM kawai ake ba shi bisa tsarin asali, don haka na'urar da ke da RAM mai megabait 64 za ta iya tsayawa da saƙon "Initramfs unpacking failed" ko da fayil ɗin ya yi kama da ƙarami a matse. Wani lokacin kuma U-Boot, manhajar da ke tada na'urar, ne ke loda initramfs a wurin RAM ɗin da kernel zai taka idan ya warware kansa daga matsewa, sai na'urar ta yi shiru ba tare da wani bayani ba.

A nan Buildroot, kayan aikin haɗa tsarin Linux don ƙananan na'urori, ya gamsar da ni ƙwarai. Umarnin make graph-size yana zana jadawalin da ke nuna nauyin kowace manhaja a cikin ƙunshin, nan take mutum ya gane wacce ta cinye wurin. Maye gurbin glibc, laburaren C da manhajoji ke dogaro da shi, da ƙananan takwarorinsa musl ko uClibc-ng, da dogaro da BusyBox, manhaja guda mai haɗe umarnai da yawa, maimakon manyan manhajoji, yana rage girman sosai. Matsewa da manhajar xz kuwa tana rage fayil ɗin da ake lodawa ne kaɗai, ba ta rage abin da zai zauna a RAM.

Aibin Buildroot guda ne, kuma yana ci mini rai: cire manhaja daga jerin zaɓi na menuconfig ba ya goge fayilolinta, sai an yi make clean an sake gina komai daga tushe.