Man gyaran fata: wanne za ki saya, wanne za ki bari a kan kanta

Saura wata biyu bikin ƙanwata na sayi wani haɗin mai wurin wata mata da ake ta yayata ta a WhatsApp. Farar roba ce, ba suna, ba kamfani, sai ƙamshi kamar ɗakin amarya. Ta ce min, "Hajiya, kwana bakwai kacal, maigida ma sai ya ƙara kallonki." Ba ta yi ƙarya ba, na yi haske. Bayan wata huɗu kuma hannuna ya fara rawa in na ɗauki kofin shayi, ƙafafuna suka kumbura, fitsari yana kumfa kamar an zuba omo. Likita bai tambaye ni abin da nake ci ba, abin da nake shafawa ya fara tambaya.

Zaiba ce a ciki, wato mercury. Aikinta ta hana fata yin sinadarin da ke ba ta launi, shi ya sa take saurin haska mutum. Amma ba a fata take tsayawa ba, jini take shiga ta taru a ƙoda, ta taɓa jijiyoyi da ƙwaƙwalwa: rawar hannu, mantuwa, rashin barci, ɓacin rai ba dalili. Mai juna biyu tana kai wa ɗan cikinta, mai shayarwa ta nono. Har tawul da zanen gado tana bi, yaron da bai san komai ba ya kwasa. Yarjejeniyar Minamata ta 2013, da ƙasashen duniya suka ƙulla kan zaiba, wadda aka raɗa wa sunan garin nan na Japan da zaiba ta halaka mutanensa, ta fara da iyakar miligiram 1 a kowane kilo na man shafawa, daga baya a 2023 aka ce daga 2025 a daina sa ta kwata-kwata. An sha gwada mayuka a samu sun ninka waccan iyakar sau dubbai. A 2023 ɗin ma NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya.

Sauran 'yan'uwan nata ba sai na ɓata miki lokaci ba. Mai hydroquinone, in aka daɗe ana shafa shi, baƙin tabo yake bari a kumatu wanda ba ya fita. 'Yan tube ɗin nan masu clobetasol maganin asibiti ne, ba man kwalliya ba, sukan sirantar da fata su kawo nankarwa da ƙuraje. Dilka da halawa dai babu laifi, in kin ga abin da aka haɗa da idonki.

Ni dai man kaɗe na koma, kuma ban yi nadama ba. Gaskiya ɗaya ce, ba zai sa ki yi fari ba, wadda ta ce miki zai sa, ta zuba masa wani abu. Abin da yake yi shi ne ya tausasa fata, ya riƙe mata danshi, ya kashe kaushi da faso lokacin hunturu. Shi ya lallaɓa min fuskata sa'ad da na bar bilicin ta koma dabbare-dabbare, gaɓoɓin yatsuna baƙi ƙirin. Sai da na yi kusan shekara kafin launina ya daidaita, ina shafawa da daddare bayan wanka, jiki da ɗan danshi, da rana kuma lema ba ta barin jakata. In fuskarki mai maiƙo ce, ɗan kaɗan ya isa. Kakata da shi ta tsufa, har ta rasu ban ga tabo a fuskarta ba.

Sai dai shi ma an shiga yi masa algus. Na gaske yana da ɗan warin hayaki da na ƙwarar kaɗanya, launinsa tsakanin fari da ruwan ɗorawa, in kin murza a tafin hannu sai ya narke. Wanda ya yi fari fat yana tashin turare, tambayi abin da aka sa. Ni wurin matan da ke kawo shi a ƙwarya nake saya, in sa a yanko min a gabana.

In kuma kwalba za ki saya, juya bayanta. Kin ga mercury, mercurous chloride, calomel ko Hg, ajiye musu kayansu. Amma masu zuba zaiba galibi ba sa rubutawa, don haka rashin ganin sunan ba shaida ba ne. Lambar NAFDAC ma ana buga ta jabu. Robar da ba jerin abin da ke ciki, mai alkawarin kwana bakwai, mai cewa "sirrinmu ne", mai rantsuwa cewa oganik ne zalla, duk kanwar ja ce. Akwai ma masu juye haɗinsu a kwalbar kamfanin da kika sani, don haka duba murfin ko an taɓa buɗe shi.

Wadda ta riga ta shafa irin wannan haɗin, ta daina yau, ta je a gwada mata fitsari da ƙoda, ta tafi da robar likita ya gani. Tawa ragowar har yanzu tana can ɗaure a leda saman durowa, na rasa inda zan jefar da ita yara ba su tsinta ba.