Zaman Sauraren Waɗanda Tuƙin Maye Ya Cutar a Kaduna: Amfaninsa da Gyaran da Yake Bukata

Wata ƙungiyar sa-kai a nan Kaduna ta fara shirya wa direbobin haya zama na musamman, inda mutanen da tuƙin maye ya nakasa ko ya raba su da 'yan uwansu suke ba da labarin abin da ya same su. Na halarci zaman a wani ɗakin taro kusa da tashar Kawo, kuma a ganina shiri ne mai amfani ƙwarai, sai dai masu gudanar da shi ba su gama gane inda ƙarfinsa yake ba.

Daga Amurka tsarin ya samo asali, kuma ƙungiyar MADD ta iyaye mata masu yaƙi da tuƙin maye ce ta yaɗa shi, wadda Candy Lightner ta kafa a jihar Kaliforniya a 1980 bayan wani direba da ya bugu ya take 'yarta mai shekara 13 har lahira. A can alƙali ne ke umartar wanda aka kama yana tuƙi cikin maye ya halarci zaman, ya biya kuɗin shiga, sannan ya kawo takardar shaidar halarta. Ba a haɗa mai ba da labari da ainihin direban da ya cuce shi, domin manufar ita ce mai laifi ya ga girman ɓarnar da irin aikinsa ke jawowa, ba a rama masa da zagi ba. A nan kuwa babu umarnin kotu; shugabannin tasha ne suka tattaro direbobinsu, kuma shiga kyauta ne.

Masu ba da labarin su ne suka riƙe zaman. Wata baiwar Allah da mijinta ya rasu a hanyar Kaduna zuwa Zariya ta yi magana ba kuka ba ɗaga murya. Ta faɗi yadda aka kira ta da wayar marigayin bayan sallar isha'i, da yadda ta sayar da keken ɗinkinta tun ba ta fita takaba ba, da yadda babban ɗanta ya bar makaranta ya koma turin baro a kasuwa. Bayanta wani magidanci ya jingine sandarsa, ya naɗe ƙafar wando ya nuna tabon inda aka sa masa ƙarfe, ya ce har yau in sanyin hunturu ya sauka ba ya iya barci. Direbobin da suka shigo suna latsa waya suna raha, a lokacin kowa ya mayar da wayarsa aljihu.

Malamin da aka gayyata ma ya yi abin da ya dace, domin bai tsawaita ba. Ya tunatar cewa imani da ƙaddara ba ya sauke alhaki daga kan wanda ya gusar da hankalinsa da hannunsa sannan ya kama sitiyari, kuma ko kisan kuskure zalla akwai diyya da kaffara a kansa, kamar yadda ya zo a aya ta 92 cikin Suratun Nisa'i.

Babban aibin shirin shi ne kusan duk jawaban masu shirya shi a kan giya suka tsaya. Wannan ya ba direbobi da dama mafita, har na ji na kusa da ni yana cewa shi bai taɓa ɗanɗana barasa ba, saboda haka maganar ba tasa ba ce. Alhali duk wanda ya san tasha ya san abin da ya fi yawo a cikinta shi ne tiramol da wiwi da maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigowa da shi tun 2018. Direban da ya haɗiyi ƙwaya don ya kore barci ya yi lodi biyu a dare ɗaya ba ya kallon kansa a matsayin mashayi, kuma shi ne ya fi bukatar a ambaci halinsa ƙarara.

An kuma ɓata lokaci mai yawa wajen gabatar da manyan baƙi, ta yadda kafin a zo kan masu labarin wasu direbobin sun fice saboda layin lodinsu ya zo. Abin da ya fi damuna shi ne rashin kula da masu maganar kansu: matar nan ta sauko jikinta na rawa, babu wanda aka tanada ya zauna da ita, kuma aka bar wani ya tambaye ta ko mijin nata ma gudu yake yi. Irin wannan tambaya a rubuce ya kamata a karɓe ta, a tace kafin ta isa kunnen mai ita.

Bai kamata a ɗora wa shirin abin da ya fi ƙarfinsa ba. Binciken da aka yi a Amurka bai zo da sakamako iri ɗaya ba: a jihar Jojiya an ga raguwar sake aikata laifin ga waɗanda suka halarta, a jihar New Mexico kuwa ba a ga wani bambanci ba. Saboda haka zaman ba ya maye gurbin tara, ko ƙwace lasisi, ko biyan diyya.

Dokar hukumar gyaran hali ta 2019 ta amince da hukuncin da ba na ɗauri ba, har da sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka cuta, don haka ƙofa a buɗe take ƙungiyar ta nemi haɗin kai da kotunan majistare da hukumar kiyaye haɗurra da KASTLEA, wato hukumar kula da dokokin hanya ta jihar Kaduna, a riƙa turo mata waɗanda aka kama da laifin da gaske. Kafin nan, ina ba shugabannin tashoshin Mando da Television shawarar su kai direbobinsu, amma su nemi a sa zaman bayan la'asar, kuma a fara da masu labarin.