Daga Hambog: hedifon ɗin da ke girgiza kai

Ƙanena, gaisuwa mai yawa, ka gaida su Hajiya. Ka ce in duba maka hedifon da zai sa ka ji bes, wato sautin nan mai kauri, a jiki idan kana gem ko kallon fim, ba a kunne kawai ba. Na zaga shaguna, na saka a kaina na ji, ga yadda abin yake a nan Jamus.

Hedifon na yau da kullum, komai tsadarsa, ba zai buga maka ƙirji ba. Kunnen mutum yana kama sauti ne daga wajen Hz 20 zuwa 20,000 (Hz shi ne yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa ɗaya), kuma wancan rugugi na can ƙasa, idan ya fito daga babbar wufa, iskar ɗaki gaba ɗaya yake turawa har ta daki jiki, kamar yadda kake jin tambari a cikinka ranar hawan sallah tun kafin ka hango makaɗin. Hedifon kuwa 'yar iskar da ke tsakaninsa da kunne kaɗai yake motsawa. Shi ya sa yara ke ta ƙara murya suna neman abin da ba ya nan, kuma wannan ne ya fi damuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙarfin sauti na desibel 80 har awa 40 a mako shi ne iyakar babba. Kunne idan ya lalace ba ya gyaruwa.

Mutanen nan dole ce ta sa suka rungumi wata dabara. A gidajen haya, daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe lokacin shiru ne, Lahadi ma haka, kuma bes ya fi kowane sauti ratsa bango. Ka kunna wufa irin ta gidan kallon ƙwallo na unguwarmu, maƙwabci zai ƙwanƙwasa maka ƙofa, ko mai gida ya aiko da takarda. To sai wasu suka koma ga kayan da ke jijjiga jikin mai su kaɗai.

Wanda ya fi yawa a shaguna shi ne Crusher na kamfanin Skullcandy na Amurka. Ban da sifikar da ke ba da sauti, akwai wani abu a kowane ɓari da aikinsa girgiza ne kawai, da ɗan maɓalli da kake turawa sama ko ƙasa. Na kai shi ƙarshe, har haƙorana na ji suna motsi, amma maganar 'yan fim ta dushe. A ƙasa da rabi ya fi daɗi. Razer ma suna da nasu na 'yan gem, akwai kuma Woojer mai kamar falmaran da ake ɗaurawa a ƙirji, sai dai kuɗinsa ba na ɗalibi ba ne.

Ni dai abin da ya fi burge ni shi ne ɗan ƙarfen da ake ɗaure wa kujera da ƙusa ta ƙasa. Cikinsa maganaɗisu ne da naɗin waya irin na sifika, amma maimakon ya tura iska, kujerar yake turawa. Ka haɗa shi da ƙaramin amfilifaya, ka saka hedifon ɗinka na da. Idan bam ya tashi a fim, kunne na ji, baya da cinya na ji, sai kwanya ta haɗa su wuri guda. Duk mai gyaran rediyo a Sabon Gari zai iya haɗa maka shi. Illarsa ɗaya, yana buƙatar wuta, shi kuwa Crusher batir gare shi.

Bambancin da ya fi girma ba a kayan yake ba, domin yawancinsu daga Asiya suke zuwa, nan da can. A MediaMarkt, wani babban shagon kayan lantarki na nan, ana jera wasu a fili ka gwada, ba mai tsaya maka a kai. Idan ta intanet ka saya, doka ta ba ka kwana 14 ka mayar ko ba dalili, kuma kaya sabo na da kariyar shekara 2 idan aibi ya fito. A gida ka sani, da ka bar bakin shago shi ke nan, sai dai mutunci tsakaninka da mai kaya. Wannan dama tana da muhimmanci a nan musamman, saboda girgizar ba kowa take yi wa daɗi ba, wasu ciwon kai take sa musu.

Amma ka lura, wannan kariya ba za ta bi kaya zuwa Kano ba, kuɗin aikowa da shi baya sai ya cinye kuɗin sayensa. Saboda haka kafin in saya, ka leƙa kasuwar waya ta Farm Centre ko za ka samu mai Crusher ya ba ka ka ji na ɗan lokaci. Idan ya yi maka, sai in bai wa mai zuwa gida ya taho da shi. Idan bai yi ba, ƙarfen kujerar zan aiko, amfilifayar kuma ka saya a can, don filogin nan mai ƙafa biyu ne zagayayyu, ba zai dace da soket ɗinmu ba.