Kayan gyaran tarakta a Damagaram: na kamfani, na Kano, kwance ko na maƙeri?

Bara ruwan shuka ya sauka a ƙasar Mirya cikin dare, amma gari ya waye taraktar kawuna tana tsaye ƙarƙashin wani gawo da ya fara zubar da ganye, an kwance famfon gazuwal ɗinta an ɗora kan buhu. Makaniki ya juya shi a hannu, ya zura ɗan yatsa ya lakato tsatsa ja kamar garin barkono, ya nuna wa kawu. "Alhaji, ruwa ya sha. Wannan ya fi ƙarfin nan." Kawu ya ce, "To Malam, ina ne bai fi ƙarfi ba?" Makanikin ya yi nuni da haɓa wajen kudu. Kafin famfon ya je ya dawo an kusa mako uku, masu gonakin da suka ba mu kafin alƙalami sun koma wa garmar shanu, mu kuma muka shiga mayar da kuɗin mutane. Tun daga lokacin, in an kawo mini ƙarfe ba na fara tambayar nawa ne. Tambayata ita ce: in ya mutu, kwana nawa zan yi kafin in samu wani?

Ana yawan ɗora laifin ƙarancin kaya a kan teku, kuma akwai ƙamshin gaskiya. Annobar korona ta tsayar da masana'antu a 2020, kuɗin ɗaukar kwantena ya ninka sau da yawa a 2021, a watan Maris na 2021 ɗin jirgin Ever Given ya gitta a mashigin Suwez ya toshe shi kwana shida. Daga ƙarshen 2023 hare-haren ƴan Huthi a Bahar Maliya suka sa manyan jirage zagayawa ta ƙasan Afirka ta Kudu. Ko da kayanka ba su bi ta can ba, jirage da kwantenoni sun yi ƙaranci, kowa ya ji a aljihunsa. Amma mu nan, ciwonmu ya fi yawa a tudu. A da babbar mota takan taso daga Kwatano ta haye gadar Malanbil zuwa Gaya, ta karya gabas a Doso, ta bi Ƙonni da Maraɗi ta iso mana. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wannan hanya ta rufe. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, iyakar Najeriya ta buɗe a Maris, amma ta Benin ta ci gaba da zama a rufe, kaya suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, ta Kaya da Dori da Tera, cikin ayari da rakiyar soja. In sun iso Yamai, da sauran kilomita wajen 900 kafin Damagaram. Duk wanda ya ce maka "kayan suna hanya", wannan hanyar yake nufi.

Na kamfani, wato na asali cikin kwalinsa, shi ne ya fi shan wannan wahala, don shi ne ke bin doguwar hanya da takardun duwan cikakku. Ya fi tsada, ya fi jinkiri, kuma sau da yawa sai ka biya sannan a yi maka oda. Duk da haka akwai wuraren da ban yarda a yi rowa ba: kan famfon gazuwal, bakin injekta, famfon mai na cikin inji, da ringi da fistan idan za a yi wa inji babban aiki. Waɗannan ratar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin gashi ba, ido ba ya bambanta mai kyau da marar kyau, sai inji ya ɗauki zafi sannan gaskiya ta fito. Sai dai "na asali" kansa yana da kawuna. Massey Ferguson na kamfanin AGCO na Amurka ne tun 1994, masana'antarsu ta Kobentiri a Ingila ta daina ƙera tarakta a ƙarshen 2002, kuma yawancin jajayen 375 da 385 da ake shigowa da su sababbi yankinmu ƙirar Millat ne a Lahor ta Fakistan. Jan fenti ɗaya, suna ɗaya, amma ba kowane ƙarfen ƙirar Ingila ko Faransa ke zama a jikin ta Fakistan ba. Kafin ka tura ko dala, ka goge gefen inji ka ɗauki hoton lambarsa. A injin Perkins haruffa biyun farko suna faɗin irinsa: LD na samfurin 4.236 ne, LF na 4.248, CE kuma na ƙaramin mai silinda uku. Dillalin da bai tambaye ka wannan lamba ba, ka-ci-ci-ka-ci yake yi da kuɗinka.

Hanyar da yawancinmu ke bi ita ce Kano. Kilomita 240 ne ko kusa da haka, ta Matamaye da Ɗan Barto zuwa Daura, mutum ya yi sammako ya ci abincin rana a Ƙofar Ruwa. Wanda ba zai je ba ya tura hoto ta WhatsApp, direban tasha ya kawo masa jibi. Abin da ke can galibi ba na kamfanin taraktar ba ne, ƙirar wasu masana'antu ne na Indiya da Turkiyya da Sin, kuma a nan ake rabuwa da wayo. Akwai mai kyau ƙwarai, don wasu daga cikin masana'antun nan su ne ke ƙera wa manyan kamfanoni. Akwai matsakaici. Akwai kuma wanda kwalin ya fi abin da ke ciki daraja, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ƙarancin shekarun nan ya tsaga bangon sosai. Ɗan kasuwar kirki yakan shimfiɗa maka kala biyu ko uku a kan tebur ya ce ga na ɗaya, ga na biyu. Wanda ya rantse cewa duk shagonsa orijina ne, ka yi masa sallama da mutunci ka wuce.

Gwajin da na koya wurin makanikinmu ba ya son karatu. Ka tafi da tsohon ƙarfen a jaka. Ka ɗauki filta biyu, hannu ɗaya kowace, ta jabu takan fi sauƙin nauyi, in ka leƙa ciki takardarta ba ta da yawan ninki, robar bakinta kuma busasshiya ce. Boris mai kyau in ka juya shi kusa da kunne shiru yake tafiya, ba ya ƙaras-ƙaras. Faifan kulochi ka ƙirga haƙoran tsakiyarsa ka auna faɗinsa da na tsohon, domin inci ɗaya ya isa ya mayar da kai Kano. Taya kuma ka nemi lambobi huɗun nan na jikinta, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Tayar da ta shekara biyar a sito sabuwa ce a ido kawai, ranar Damagaram za ta tsattsage ta.

Maganar canji ma tana ruɗar mutane. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 ta faɗi daga wajen 460 a dala ɗaya ta Amurka zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, ita kuwa sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957, sai mai sefa ya ga kamar Kano ta zama kyauta. Ga gero da atamfar gida wataƙila. Ƙarfen tarakta kuwa da dalar Amurka aka shigo da shi, mai shago yana duba farashin canji kafin ya buɗe baki. Ribar Kano kusanci ne, ba araha ba. Kuma kusancin ma ba gado ba ne: Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sannan aka sake rufewa a 2023.

Sai kwance, wato ƙarfen da aka ciro daga tsohuwar tarakta. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma ga manyan ƙarafa marasa motsi ko masu tafiya a hankali, irin su gidan giya, aksil na gaba, kan inji, rim, hannuwan ɗaga garma, tsohon ƙarfen Turai ya fi sabon da ba a san asalinsa ba nesa ba kusa ba. Sharaɗi ɗaya ne, kada ka saya sai makanikinka na tsaye, kuma a yi magana a gaban shaida cewa in bai zauna ba za a karɓa. Kan inji a kai shi a gwada, don tsagewarsa takan ɓuya a ƙarƙashin baƙin mai. Abin roba, abin lantarki da famfon haidirolik na kwance kuwa, sayen ciwon wani ne.

Masu tur, wato injin sassaƙa ƙarfe, da masu walda da maƙeran gari su ne ba a cika lissafawa ba, alhali su suka riƙe taraktocin jihar nan lokacin da hanyoyi suka toshe. Garin da maƙeransa suka zuba wa Sarki Tanimu igwa a ƙarni na 19 ba zai kasa fin da bushi ba. Fin, bushi, kusoshi, sandar jan tirela, ƙafar garma, facin radiyeta, duk ana yi a nan cikin yini ɗaya, kuma kuɗin yana kwana a gari. Iyakarsu ita ce ƙarfen da ke buƙatar a gasa shi a masana'anta. Haƙorin giya da aka cike da walda zai kai ka ƙarshen kadada, ba zai kai ka ƙarshen damina ba, kuma ranar da ya karye yakan tafi da maƙwabtansa. Sitiyari da birki ma ban yarda a yi musu dabara ba, tarakta tana ɗaukar mutane ranar kasuwa.

Yin oda da kanka ta intanet daga Gwanzu ta Sin ko Dubai yana da amfani ga ƙaramin abu mai tsada da za a iya sakowa a jirgin sama zuwa Yamai ko Kano. In an aiko ba daidai ba, ka yi sadaka.

Duk wannan ya shafi wanda bai sayi taraktar ba tukuna fiye da kowa. Sababbin ƙirar Turai masu kwamfuta a ciki suna da daɗin aiki da tsimin mai, amma ƙarancin ƴan ƙananan na'urorin lantarki na 2021 ya tsayar da irinsu har a ƙasashen da ake ƙera su, balle a Magarya, inda ba mai na'urar karanta ciwonsu. Mahindra da Sonalika na Indiya, ko YTO da Lovol na Sin, ba laifi gare su, wasunsu sun fi sauƙin kuɗi, amma ka fara zagaya Kasuwar Dole da garejin gari ka tambayi filtarsu da kulochinsu. In shago uku sun girgiza kai, ka san marainiya za ka saya. Ni dai a ƙasarmu mai yashi da ƙura, wadda makanikin ƙauye zai kwance da sifana goma ita nake zaɓa, ko da ta fi shan gazuwal.

Gaba kuma ban ga alamar hanyoyi za su koma yadda suke ba. Manyan ƙasashe suna ta ɗora wa juna haraji, kowa na son ya jawo masana'anta kusa da gida. A Yamai aka ƙaddamar da kasuwar bai ɗaya ta Afirka a Yulin 2019, amma Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairun 2025, layin dogon da ake shimfiɗawa daga Kano ma Maraɗi ya nufa, ba mu ba. Saboda haka bana tun watan Maris, da kuɗin ridi ya shigo, muka cika akwatin ƙarfe a ɗakin kawu: filtar gazuwal shida, ta mai uku, bel biyu, boris na ƙafar gaba, robobin haidirolik da faifan kulochi ɗaya. Muka sayi mazurari mai raga, muka ware durom guda da gazuwal zai kwana biyu a ciki kafin a zuba, tunda matatar SORAZ tana nan bayan gari amma ruwa da yashi a bidon suke shiga. Mabuɗin akwatin yana aljihun kawu, ya ce ko ni sai na kawo tsohuwar filta zai ba ni sabuwa.