ThinkPad T480 ta hannu a Circle: ta dace da ɗalibi, amma a gwada ta kafin a biya

Duk farkon shekarar karatu, yaran Nima da Maamobi da Madina da suka samu gurbi a jami'ar Legon ko UPSA sukan hau trotro su nufi kasuwar Circle a Accra neman laftof, da kuɗin da iyaye da yayye suka harhaɗa da ƙyar. Sabuwa mai ƙarfi ta fi ƙarfin aljihun yawancinsu. Wadda kuɗin zai iya saye sabuwa a kwali kuwa, galibi mai ƙaramin furosesa Celeron ce da ram (ma'ajiyar aikin da kwamfuta ke kai) 4GB, wadda shafi goma na Chrome ke sa ta haki. Shi ya sa muka fi karkata ga wadda 'yan kasuwa ke kira hom-yus, wato wadda aka yi aiki da ita a ofisoshin Turai ko Amurka kafin a kawo ta. A cikin irinsu da ke jere a shagunan Tip Toe Lane, Lenovo ThinkPad T480 na cikin waɗanda suka fi biyan kuɗinsu.

A 2018 ta fito, don haka ba yarinya ba ce. Abin da ya riƙe ta har yau shi ne yadda aka ƙera ta: kusan komai a cikinta ana cire shi a sauya. Gurbin ram biyu gare ta, nau'in DDR4, babu wanda aka liƙe a jikin bod. Ɗalibi na iya sayen mai 8GB bana, baɗi in ya samu sarari ya ƙara wani 8GB ɗin da sukudireba ɗaya. 'Yar'uwarta T480s ta fi ta siranta, amma ram ɗinta ɗaya a liƙe yake, gurbi ɗaya kawai aka bari. Kibod ɗinta ma abin yabo ne. Wanda zai kwana yana buga aikin kammala digiri zai ji bambancin a yatsunsa.

Wurin da aka fi cin kuɗin ɗalibai shi ne furosesa, wato injin da ke sarrafa aikin kwamfutar. Sitikar da ke jikin kwamfuta ta ce Core i5, mai shago ma ya ce i5, amma i5 suna ne kawai, zuriya ce abin dubawa. Akwai T480 masu i5-7200U ko 7300U, zuriya ta bakwai, masu ƙwaƙwalwa biyu. Akwai masu 8250U ko 8350U, zuriya ta takwas, masu huɗu. A ido kamarsu ɗaya. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 kyauta ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma daga zuriya ta takwas ta fara karɓar irin waɗannan i5 ɗin. Danna Ctrl da Shift da Esc a tare, ka shiga Performance, ka karanta lambar da idonka. In da 7 ta fara, ajiye ta, ko da an rage maka kuɗi.

Sai batir, wanda a garin da muka san dumsor, wato yawan ɗauke wuta, ba ƙaramin abu ba ne. T480 na ɗaukar biyu: ɗan ƙarami a ciki mai 24Wh, da na waje da ake zarewa, mai 24 ko 48 ko 72Wh. Ana iya sauya na wajen ba tare da an kashe kwamfutar ba, na cikin ya riƙe ta. Babban yana ɗan ɗaga bayanta ya ƙara mata nauyi, amma a ɗakin lacca inda ake rububin soket, ya cancanci ɗauka. Kada ka yarda da "tana yin awa biyar" na fatar baki. Buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, ka buɗe fayil ɗin da ya fito, ka gwada Full Charge Capacity da Design Capacity. In abin da ya rage bai kai kashi 70 cikin ɗari ba, a cire maka kuɗin sabon batir daga farashi. Duba kuma ko rahoton ya nuna batir biyu, domin wasu ba su da na ciki, roba ce kawai a gurbin. In kuma maɓallin linzami ya yi tauri ko murfin ƙasa ya ɗago, wataƙila na cikin ya kumbura.

Akwai laifi guda da aka san ta da shi. Manhajar da ke sarrafa ƙofar Thunderbolt ta zo da matsala, tana lalata ɗan guntun da take zaune a kai sannu a hankali, har USB-C ya daina aiki yadda ya kamata. Lenovo ta fitar da gyara, amma ba kowane tsohon mai ita ya saka ba. Tun da ta USB-C take caji, wannan ba abin wasa ba ne. Ƙofofin biyu ne a gefen hagu: soka caja a kowacce, ka ga tana ɗauka, ka nemi a jona maka HDMI da talabijin ɗin shago. Kana isa gida ka saka manhajar Lenovo Vantage ka sabunta ta. Cajar kuma ta zama ta asali mai 65W. Ta jabu ba ta da nauyi a hannu, kuma tana zafi da wuri.

Kashe ta ka kunna, ka danna F1 ka shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfuta kafin Windows ta tashi. In ta tambayi kalmar sirri, mai shago ya ce za a cire daga baya, tashi ka bar ta. A ThinkPad wannan makullin ba ya fita da cire batir, kuma ba ka san ta inda ta biyo ba. Shigo da filas ɗinka da manhajar CrystalDiskInfo a ciki don ganin lafiyar SSD, wato ma'ajiyar fayiloli; 256GB ya isa farawa. Buɗe Notepad ka taɓa kowane harafi. Buɗe murfin ka rufe sau da yawa kana sauraren ƙara.

Inda ba ta burge mu ba shi ne sikirin. Mai 1366x768 dishi-dishi ne, yana gajiyar da ido wajen karatun PDF. Nemi mai 1920x1080, shi ma haskensa bai kai a yi aiki da shi a tsakar gida da rana ba. Lasifikarta a ƙasa take, sautin ba daɗi, kyamarar kuma daidai Zoom. Mai karatun lissafin kuɗi, shari'a, aikin jinya ko rubuta manhaja, ta ishe shi har ya gama. Mai zanen gine-gine ko tace bidiyo mai nauyi, Intel UHD 620 da ke cikinta zai ba shi wahala, gara ya ƙara haƙuri ya tara kuɗi.

Game da cinikin kansa: samarin da ke tare mutum a bakin titi suna cewa "me kake nema?" kamashonsu a kanka zai hau, don haka wuce su ka shiga shago mai suna a ƙofa. Zaga uku ko huɗu kafin ka taya, farashin yana bin dala, na watan jiya ba na yau ba ne. Wanda ya ce ka tura MoMo a kawo maka daga sito, cinikin biri a sama ne.

Kada ka biya a saka maka Office na sata. Gwada imel ɗinka na makaranta a shafin Microsoft 365 Education, in makarantarku na ciki kyauta ne. In ba ta ciki, LibreOffice da Google Docs suna nan. Bayan kowane hunturu a buɗe ta a share ƙurar fanka, a fara kashe batirin ciki daga BIOS. A rasit kuwa, a rubuta lambar da ke ƙasan kwamfutar, da furosesa, da ram, da kwanakin garantin da kuka yi magana, mai shago ya sa hannu kana tsaye.