Dattijon da ke gyaran amfilifaya mai bawul a Jos: gwani ne, amma sai da haƙuri

Masu gyaran amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, suna da yawa a Jos, amma waɗanda suka san mai bawul (kwalaben gilashi masu kama da ƙwan fitila da ke ƙara sautin) ciki da waje ba su cika hannu ba. Akwai wani dattijo a wani lungu kusa da Taminus, tsohon mai gyaran rediyo da talabijin, shi nake kai wa tawa, mai wat 100 da bawul huɗu ƙirar EL34.

Ni makaɗin jita ne a wuraren biki da ƙaramin sutudiyo, shi ya sa makunnin rage ƙarfi da ke bayanta kusan kullum yana kan rabin ƙarfi, inda bawul biyu kaɗai ke aiki. Da sautin ya fara dusashewa na je da niyyar sayen sababbi huɗu. Baba ya kunna ta, ya juyo mini bayanta, sai ga duka huɗun sun yi ja kamar garwashi.

"Ɗana, biyun nan zaren ɗumama su ne kawai ke cin wuta, ba sa ɗaukar kaya. Biyun can su ke shan wahala."

Ya ɗora mita ya nuna mini: biyun da ke aiki sun fara rauni, 'yan hutun kuwa garau suke. Matsalar ita ce an sayo huɗun ne ƙarfinsu ɗaya, yanzu sun bambanta, duk ranar da ka koma cikakken ƙarfi sai wasu su fi wasu jan wuta. Bai sayar mini da komai ba. Ya yi musu musanyar gurbi, na ciki suka koma waje, ya daidaita bayas, wato yawan wutar da bawul ke ja, ya ɗauki maka ya rubuta lamba a gindin kowanne don kada su rikice. Ya ce in riƙa wannan musanya duk bayan 'yan watanni, bayan na cire filogi sun huce, in kuma riƙa kaɗawa da cikakken ƙarfi jefi-jefi, domin bawul ba ya son dogon zama da zafi babu aiki.

Wani abin da ya faɗa na gwada na tabbatar: rabin wat ba rabin ƙara ba ne. Daga wat 100 zuwa 50, desibel 3 kacal ke raguwa a ma'aunin ƙarar sauti, maƙwabci ba zai gode maka ba. Ya kuma ja mini kunne kan masu zare bawul biyu da hannu a amfilifayar da ba ta da makunnin: in za a yi, sai a mayar da lasifika mai om 16 (om shi ne ma'aunin turjiyar wuta) ramin om 8. Buɗe cikinta kuwa ya ce kul, kafasito, abin da ke tara wuta a ciki, na iya riƙe sama da bolt 400 ko bayan an kashe.

Inda na ga gazawarsa, lokaci. In ya ce gobe, ka ƙara kwanaki. Ba ya ɗaga waya, ba ya ba da rasit, kuma ƙurar hunturu ta lulluɓe shagon, ka tafi da abin rufe kayanka. Ba ya ajiye sababbin bawul, sai an yi oda daga Legas, farashin kuma yana bin dala. In kana da biki ranar Asabar, kada ka kai masa ranar Alhamis.