Aika difarenshal ɗin BMW E36 daga Kano zuwa Legas: ta tasha ko ta kamfani?

Wani ɗan uwa ya cire difarenshal, wato bak aksil, akwatin giyar da ke raba ƙarfin inji ga ƙafafun baya, daga BMW E36 ɗinsa 325i; difarenshal ɗin irin mai riƙe ƙafafun baya biyu tare ne, wanda ake kira LSD. Mai saye a Legas ya yi masa tayin da ya fi na 'yan kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, amma ya rasa ta inda zai aika: tashar mota ko kamfanin aika kaya.

Ɗan uwa, kafin a zo maganar hanya, ka tabbatar wa mai sayen abin da ke hannunka, domin yawancin rigimar irin wannan ciniki daga nan take tasowa. A jikin ɗaya daga cikin notocin murfin baya akwai ɗan ƙarfe mai rubutu. Idan ka ga S3.15, harafin S shi ne shaidar LSD, lambar kuma na nufin farfela, wato doguwar sandar da ke kawo ƙarfin inji zuwa baya, za ta juya sau uku da ɗan ɗoriya kafin taya ta zagaya sau ɗaya. Amma ana iya cire ƙarfen nan a ɗaura wa wani, don haka ka ɗauki bidiyo. Ka juya gefe ɗaya da hannu: idan ɗaya gefen ya bi shi, alama ce mai kyau, idan ya juya baya to gama-gari ne. Ka kuma buɗe murfin ka nuna cikin, saboda wanda aka yi wa walda shi ma gefensa biyu tare suke juyawa, kuma masu wasan mota sun sha yin waldar. Mai saye da ya san kan abin sai ya ga haƙoran giya da idonsa zai saki kuɗi.

Ta tasha ta fi araha, ta kuma fi sauri. Ka kai wa manyan motocin da ke tashi daga Sabon Gari, ku yi ciniki baki da baki, a rubuta maka webil, ka karɓi lambar direba. Tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, idan Allah ya kiyaye hanya washegari ko jibi kaya sun sauka. Babu mai ɗora shi a sikeli, da ido ake yanka kuɗi, wanda hakan riba ce gare ka tunda abin ya kai kilo 35 zuwa 40. Matsalar ita ce yadda ake riƙe kaya. Yaran mota suna ganin ƙarfe ne kawai, za su wurga shi ƙasan but su jibga buhuna a kai. Jikinsa na baƙin ƙarfe ne, zai jure, amma murfin bayan na alminiyam ne, yana da kunnuwa biyu da ake ɗaure shi da su a jikin mota, kuma su ne ke fara tsagewa. Ga ɗan sansan gudu na roba, wato na'urar auna gudun mota, da ke maƙale a murfin, bugu ɗaya ya ishe shi. In aka samu ɓarna, sai dai a zauna da shugabannin tasha a ba ka haƙuri, ko a biya wani abu kaɗan.

Kamfani kuwa sikeli yake bi, don haka ka shirya biyan abin da ya ninka na tasha, kuma yakan ɗauki kwanaki. Abin da kake saye da wannan ƙarin kuɗi shi ne rasit mai sunanka da na mai karɓa, da lambar da ku biyu za ku riƙa bibiyar kayan da ita, da damar rubuta darajar kayan. Wannan na ƙarshe kada ka yi wasa da shi. Mutane kan rage darajar don kuɗin aikawa ya sauko, ranar da kaya suka ɓata kuma abin da suka rubuta da hannunsu shi za a duba. Ka tambaye su a fili ko inshorarsu ta haɗa da kayan gyara na hannu, a nuna maka a rubuce. Sannan kamfani ba ya karɓar abin da ke ɗigar mai.

Man nan ma ko ta tasha za ka bi sai ka zubar da shi. Ya kusa lita biyu, ga wari mai naci, kuma akwai ƙofar shan iska da yake tsiyaya ta nan da zarar an kifa difarenshal ɗin. Ka kwance notin ƙasa ka bar shi ya kwana yana tsanewa, ka mayar da notin, ka naɗe duka da leda mai kauri. Ka gaya wa mai sayen babu mai a ciki, ka kuma rubuta a jikin ledar da manyan baƙaƙe, kada bakanikensa ya ɗaura ya tayar da mota a bushe. Kwali ba ya ɗaukar wannan nauyi. Ka sa kafinta ya buga maka ƙaramin akwatin katako, a ɗaure difarenshal ɗin a gindinsa yadda ba zai motsa ba, a cusa tsumma ko yankan tsohuwar taya kewaye da kunnuwan. Sansan ka cire shi ka sa a leda daban.

Ni a ganina abin da zai raba maka gardama shi ne ko kana da mutum a Legas. Idan kana da ɗan uwa a Agege ko Idi-Araba da zai tari motar, ya karɓi akwatin, ya haɗu da mai sayen a duba kaya a gabansa, to bi ta tasha, akwatin katakon ya rufe maka babbar kafar da ke wannan hanya. Idan kuwa ba ka san mai sayen ba sai ta waya, kuma babu naka a can, biya kuɗin kamfani, ku raba shi da mai sayen in ya yarda. LSD na E36 ba ya yawa a kasuwa, in ya fashe ba za ka shiga Ƙofar Ruwa ko Panteka ka ɗauko wani nan take ka mayar masa ba. Kuma duk hanyar da ka zaɓa, kada akwatin ya bar hannunka sai ka buɗe asusunka ka ga kuɗin sun zauna, ban da dogaro da hoton alat da aka turo maka ta WhatsApp.